Shin Abubakar Imam marubucin yara ne? Malamar 'yata ta ce a'a

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma da ɗan ɓacin rai na zo da ita. 'Yata tana aji huɗu na firamare, shekararta 9. Ranar Alhamis aka ba su aikin gida, kowa ya rubuto sunan marubucin littattafan yara guda ɗaya wanda ya taɓa cin gasa ko samun lambar yabo, da abin da ya rubuta. Ban yi wata-wata ba na ce ta rubuta Abubakar Imam. Jiya sai ga ta da littafi an ja mata jan biro, malamar ta rubuta wai wannan marubucin manya ne, ta nemo wani. Waɗanda aka ba maki kuwa duk sunayen Turawa suka kai. Ni dai ina aji biyar na fara karanta Magana Jari Ce, a ɗakin kakata, da fitilar ƙwai, kuma ba wanda ya ce mini na manya ne. Yarinyar har kuka ta yi, ta ce na sa an yi mata dariya. Don Allah masana, ni na yi kuskure ko malamar?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki yi kuskure ba. Amma ki sassauta wa malamar, abin da ba a koya wa mutum ba, ba shi da yadda zai koyar da shi.

Ga yadda abin yake. An haifi Malam Abubakar Imam a Kagara a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ki lura da wannan, malamin yara ne tun kafin a san shi da rubutu. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausa cikin rubutun boko. Littattafai 5 suka fito daga gasar nan: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara 22 lokacin. To ga cin gasa.

East ya ga hannun yaron nan ya fita daban, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya ya zauna wajen wata 6, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3. Don me aka aro shi? Don makarantun Arewa ba su da littafin karatu mai daɗi da Hausa. Yaro ya koyi haɗa baƙi da wasali, ya ɗago kai, babu abin da zai karanta. 'Yan makaranta aka yi wa littafin, ba alƙalai da hakimai ba. Ni na karanta shi ina ɗalibi, na kuma koyar da shi shekara da shekaru. Da na ce a fito da shi, ajin da ke ta hayaniya sai ka ji tsit.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni Bazazzagi ne, gidanmu ba nisa da Kamfanin Gaskiya, ba mai gaya mini darajar Imam. Amma a nan ina ganin malamar tana da ɗan abin kamawa. Gasar 1933 ba ta littattafan yara ba ce. East yana neman abin da duk wanda ya iya boko zai karanta ne, babba da yaro. Kuma littafin da ya ci gasar Ruwan Bagaja ne, ba Magana Jari Ce ba. Ku tuna abin da ke cikinsa: Alhaji da Malam Zurƙe suna ta cutar juna gari gari, yau wannan ya yi ƙarya ya sa an ɗaure wancan, gobe wancan ya rama. Dariya kam akwai ta, amma shi ne za ka miƙa wa 'yar shekara 9 ka ce ga tarbiyya?

Sannan in ka ɗauki rayuwarsa gaba ɗaya, ɗan jarida ne. Shi ne editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta a Janairun 1939, ya yi wajen shekara 12 a kujerar. Ya shiga majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata, ya rubuta tarihi da littattafan addini. In muka ce masa marubucin yara, ni a ganina rage shi muka yi.

Ɗalibar Hausa:
Yaya Ɗan Tudun Wada, wannan kalma taka ta ƙarshe ita ce ciwon namu. Me ya sa rubuta wa yara zai zama ragi? Don haka ne duk wanda ya iya alƙalami a cikinmu yake gudun yara, ya tafi soyayya ko siyasa.

Na yarda da kai a kan gasar, ba ta yara ba ce. Amma duba ginin Magana Jari Ce da kansa. A littafi na ɗaya wa ake ba labari? Musa, ɗan Sarki Abdurrahman. Uban ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar shi a gida, Waziri ya ƙulla makirci yana so yaron ya fito a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi shiri zai bi uban, sai aku ya tare shi da labari har gari ya waye. Wato labari ne ke tsare ran yaro. A na biyu gasa ce tsakanin aku da wani akun, kowa na baje kolinsa. A na uku aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari da yadda ake zama da mutane. Biyu cikin uku, mai sauraro yaro ne. Mutumin da ya tsara littafi haka ya san sarai wa zai riƙe shi.

Abin da ya sa ake ganin kamar na manya ne, Imam bai yi wa yara maganar jarirai ba. Ya ba su Hausa cikakkiya, da karin magana, da habaici, da zaurancen fada. Ya ɗauka suna da hankali. Mu ne yanzu muka ɗauka littafin yara sai ya zama “ga ƙwallo, ga Bala” kawai.

Abban Sadik:
Malama, a takarda maganarki daidai ce. Ni na gwada a gida. Bara na sayo na ɗaya don 'ya'yana maza biyu, ɗan 10 da ɗan 8, a Abuja muke zaune. Shafi ɗaya sai da na tsaya kusan sau goma. Mene ne lifidi? Mene ne sulke? Wane ne zagi? Me ake nufi da barde? Wani ma ni kaina sai da na kira mahaifiyata. Kafin mu kai inda aku ya fara labari ƙaramin ya yi barci, babban ya ce a ba shi waya. Ga rubutu ƙanana, ga hoto jefi-jefi, shi ma baƙi da fari. Sannan akwai sare kai, akwai bayi da kuyangi, akwai bokaye. Na ajiye shi, yana nan kan kanta har yau. Yaran 1937 daban, namu daban.

Maman Walida:
Abban Sadik ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Nima ban taɓa karanta wa Walida shi ba, sunan kawai na ba ta. Da malamar ta tambaye ta me ke cikin littafin, ba ta iya cewa komai ba. Wataƙila da ta ba da labari ɗaya daga ciki da ba a ja mata jan biro ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana Abban Sadik, tambayar da yaranka suka yi ta yi, ai ita ce karatun. Yaron da ya ce mene ne lifidi ya buɗe maka ƙofa. Ka nuna masa hoton hawan sallah, ka ce ga shi nan, rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya. Zagi ga shi nan a gaban dokin sarki yana tafe da ƙafa. Gobe in kun je gida hawan daba, shi zai riƙa nuna maka. Kalmar da ba a ji a gida ba, ba a gani a littafi ba, ina za ta? Mutuwa za ta yi.

Kuskurenka ɗaya ne, ka fara daga shafin farko. Gabatarwar tana da tsawo, ta fada ce da yaƙi. Mu a aji ba haka muke yi ba. Sai in zaɓi gajeren labari mai ban dariya, in karanta da murya, in canza murya in sarki ke magana, in canza in wawa ne. In na kai inda ya fi daɗi sai in rufe littafin in ce sai gobe. Wallahi har gida yara suke biyo ni. Sai sun kamu sannan in koma da su farko su san wane ne Musa, wane ne aku. Dabarar ma ba tawa ba ce, ta akun ce.

Bakatsine:
Ku yi haƙuri in jefo wata. Ana ta yabo, amma ba a faɗi cewa yawancin labaran ba nasa ba ne. Na Larabawa ne da Turawa da Indiyawa. Dare Dubu da Ɗaya, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamus. Mu nan Katsina muna alfahari da shi, a nan ya yi karatu ya koyar, amma gaskiya ɗaya ce. In ɗalibi ya yi haka yau a jami'a sunansa ɓarawon rubutu. Ta yaya za a ce wa yarinya ga gwarzon marubuci, alhali kwasowa ya yi?

Ɗalibar Hausa:
Malam Bakatsine, ba ɓoyayyen abu ka tono ba. Shi da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, cewa East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Larabawa don ya yi aiki da su. Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi labaran sun gano tushen da yawa daga cikinsu. Ɓarawo ba ya nuna maka gidan da ya shiga.

Amma ka ɗauki ɗaya ka auna. Kalala da Kalalatu: tushensa cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara a Jamus yake. A can wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon da wuƙar da ake wasawa, ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mai da su mata da miji, ya sa su cikin gidan Bahaushe, da kunyar baƙo irin tamu, da kwaɗayin da kowa ya san irinsa a unguwarsu. Sunayen kaɗai sun isa, kafin ka fara labarin ka fara murmushi. Ka tambayi tsofaffi goma, tara za su rantse tatsuniyar kakanninmu ce. Haka Sarkin Busa, asalinsa labarin mai busar garin Hamelin ne wanda ya kwashe ɓeraye aka hana shi lada ya kwashe yara. Shi kansa aku mai hana fita da labari, daga wani tsohon littafin Indiya ya taso, inda aku ke tsare matar maigidansa dare 70. Imam ya cire matar ya sa ɗan sarki, ya cire zancen kwartanci ya sa yaƙi da amana. Wannan canjin kaɗai ya nuna maka yara yake tunani.

Su Grimm ɗin ma ai ba su ƙaga ba, tattarawa suka yi daga bakin mutane. Kalila wa Dimna daga Indiya ya bi ta Farisa kafin Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci. Labari haka yake yawo tun fil azal. Gwanintar tana wajen wanda ya ɗinka masa rigar da ta zauna. Labarai wajen 80 cikin wata 6, yana ɗan shekara 25, kuma ba ɗaya da za ka ji warin fassara a jikinsa. Gwada juya shafi ɗaya na Turanci zuwa Hausa ka ga yadda yake fitowa a sandare, sannan ka san abin da mutumin nan ya yi.

Bakatsine:
Na karɓi rabin maganarki Malama. Hausar tasa ba mai ja. Amma har yanzu Bature ne ya zaɓo littattafan, Bature ya duba, Bature ya buga, don makarantun da Turawan mulki suka kafa. Me ya hana a ce ya zauna da tsofaffin Kagara da Katsina ya kwashe namu na Gizo da Ƙoƙi? Sai da aka jira su Ibrahim Yaro Yahaya a shekarun 1970 kafin a tattara tatsuniyoyinmu da wasanni sosai don 'yan makaranta.

Ɗan Tudun Wada:
A nan kam zan tsaya wa Imam. Wanda yake ganin ɗan amshin Shatan Turawa ne bai bi rayuwarsa ba. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi, ya zayyana masa illolin mulkin da ya bari: yadda ake zaluntar talaka, yadda aka ware samarin da suka yi boko ba a jin ta bakinsu. A Gaskiya Ta Fi Kwabo ya buɗe wa talakawa filin wasiƙu, mutumin ƙauye ya rubuto kukansa a buga. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu.

Ko cikin Magana Jari Ce ɗin, ka duba wa aka ɗaukaka. Tsuntsu ne, ba dangi ba gado, ba shi da komai sai baki da basira, shi ya ceci gidan sarauta, aka tuɓe Waziri ɗan asali aka naɗa shi. A ƙasar da sarauta gado ce, wani saurayi malamin makaranta ya rubuta wa yara cewa ilimi da iya magana na iya kai ka kusa da sarki. Yaran da suka karanta shi a Midil su ne suka zo suka riƙe Arewa. Kun ga ina ta kawo wa Ɗalibar Hausa hujja da kaina. To na sauko kaɗan: littafin na yara ne, mutumin kuma ya fi littafi ɗaya.

Baƙon Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku tun safe. Mu nan a lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci aka koya muna karatu, mushe, wato malaminmu, bai taɓa kawo muna littafin Hausa a aji ba. Magana Jari Ce kawuna ya sawo shi, ɗan kasuwa ne mai zuwa Katsina ta Jibiya. Ni ne ɗan lakwal na gidan, sai aka ce in karanta wa mutane da dare. Da farko na sha wuya, don harufan nan masu ƙugiya ban san su ba, kuma yadda Faransanci ke karanta baƙi daban ne. Amma da yake harshena ne, cikin sati biyu na kama. Tsakar gida takan cika, mata da yara har da maƙwabta. Kakata da ba ta taɓa shiga aji ba ita ke gyara mini in na karanta kalma ba daidai ba, don ta san abin da ya kamata ya zo.

Shi ya sa gardamar na yara ne ko na manya take ba ni mamaki. Tatsuniya a gidan Bahaushe ta wa ce? Tsohuwa ke bayarwa, yara ke saurare, uwa tana tuƙa tuwo tana dariya. Haka littafin nan yake. Ranar nan na fara sanin cewa abin da muke faɗa a gida ana iya rubuta shi ya zama littafi mai bango. Shekarata 11.

Anti Mai Aji Uku:
Ni malamar firamare ce, shekara 14 ina koyarwa, bari in ɗan kare abokiyar aikina ko da ban san ta ba. Abin da aka koya mana shi ne littafin yara yana da matakai. Na ɗan shekara 4 zuwa 6 hoto ne babba da jimla ɗaya ko biyu. Na 7 zuwa 9 gajerun babi ne da manyan haruffa. Daga 10 zuwa sama sai dogon labari. In ka auna da wannan, Magana Jari Ce na matakin ƙarshe ne, ko kuma na karanta wa yaro da baki. Ba ta kyauta ba da ta ce na manya ne, amma na gane inda ta dosa.

Abin da ya fi damuna shi ne matakan nan biyu na ƙasa, da Hausa kusan fayau suke. A ajina yara 70 da ɗoriya ne, littattafan labari na Hausa masu hoto mai launi da muke da su ba su kai yatsun hannu ba. Da kwali da alli mai launi nake yin nawa. Babbar gasar adabi ta ƙasar nan, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi, tana zagayowa kan adabin yara, kyautarta dala 100,000. Mabel Segun da Akachi Adimora-Ezeigbo sun raba ta a 2007, marubucin da ake wa laƙabi da Mai Nasara ya ci a 2011, Jude Idada a 2019. Amma da Turanci ake shiga. BBC Hausa na da Hikayata tun 2016, ta gajerun labarai ce, ba ta yara ba. To marubucin Hausa da zai zauna ya yi wa ɗan shekara 6 littafi, ya biya mai zane, ya biya bugu mai launi, wa zai saya, wa zai yaba masa? Imam hukuma ce ta ɗauke masa koyarwa wata 6, ta ba shi wurin zama da littattafai da edita. Wa aka yi wa haka tun daga lokacin?

Hajiya Uwargida:
Anti kin yi gaskiya. Ni kuma nawa ƙorafin daban ne. Ina son littafin, na haddace wasu labaran tun ina budurwa. Amma da na zo karanta wa jikokina mata sai na riƙa tsallake wurare. Mace a ciki sau da yawa ko makira ce, ko mai kwaɗayi, ko kyakkyawar da ake ba wani kyauta. Baƙauye kuma kullum shi ne abin dariya. Jikata ta tambaye ni, Hajiya ina yarinyar da ta yi abin kirki? Na daɗe ina lalube. Ba ina zargin Malam ba ne, zamaninsa ke nan, 'yan matan da ke boko a lokacin ƙalilan ne. Amma in za a ba 'ya'yanmu mata shi yau, sai da babba a kusa.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, ban musa miki ba ko kaɗan. Ni ma akwai labaran da ban taɓa karantawa a aji ba, akwai kuma wanda in na gama nakan tambayi yara, wannan da aka yi wa baƙauyen nan daidai ne? Rabin ajin 'yan ƙauye ne, sai gardama ta tashi, kuma a nan ake koyon magana. Tsallakewar da kike yi ba laifi ba ce, kowace kaka tana tace tatsuniya gwargwadon kunnen da ke gabanta.

Amma yarinyar da jikarki ke nema, ba Imam zai tashi ya rubuta ta ba. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981, Allah ya jiƙansa. Ya yi nasa yana ɗan 25. Mata nawa ke rubutu da Hausa yau? Sun fi maza yawa a kasuwar littafi. Ke Ɗalibar Hausa, ke Anti, ku nake kallo. Anti ta san abin da ɗan aji uku ke iya karantawa, ke kin san yadda aka gina na da. Kwalin nan da Anti ke zanawa, littafi ne da bai samu maɗaba'a ba.

Ɗalibar Hausa:
Amin Baba. Na ji, kuma ta shige ni. Anti, zan yi miki magana ta gefe in kin amince, ina so in ga kwalayen nan.

Maman Walida, ga abin da za ta ƙara a aikinta kan lambar yabo: ban da gasar 1933, an ba shi lambar OBE ta Ingila da CON ta Najeriya, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC na Zariya, ke buga littattafansa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Kasimu Yero na cikin 'yan wasan.

Abban Sadik:
Wasan nan na tuna shi, gidan maƙwabta muke zuwa kallo. Baba Hedimasta, wane labari zan fara da shi? Zan sauko da littafin daga kan kanta yau.

Tsohon Hedimasta:
Buɗe na ɗayan da ke hannunka ka nemi na dabbobi, gajere. Ka karanta shi kai kaɗai tukuna, ka san inda za ka tsaya. Kuma a kashe talabijin, wayarka ma ta shiga aljihu.

Maman Walida:
Salam 'yan'uwa, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Na je kasuwa na samo duka ukun, ko da yake bugun da na samu wasu shafukan sun dushe, sai na kanga da haske. Na bi shawarar Baba, na fara da Kalala da Kalalatu. Da aka kai inda maigida ya biyo baƙo da wuƙa a hannu, Walida ta faɗo daga kan kujera don dariya, ƙanenta ɗan shekara 5 da bai gane komai ba shi ma ya kama. Babansu da ya ce shi aiki yake yi a ɗaki, sai ga shi a bakin ƙofa yana gyara mini, wai na tsallake wani wuri.

Ranar Litinin na je makarantar da kaina. Ban je da faɗa ba, na tafi da littafin da abin da kuka rubuto. Malamar yarinya ce ƙarama, ta karɓe ni da mutunci. Ta ce ita sunan littafin kawai ta sani, a jarrabawar sakandare ta gamu da shi, shi ya sa ta ɗauka na manya ne. Ta kira Walida gaban aji ta ce ta ba da labarin. Da Hausa ta bayar, a makarantar da ake cin tarar wanda ya yi Hausa. An gyara mata makinta, malamar kuma ta riƙe na biyun aro.

Yanzu mun koma farkon na ɗaya. Jiya mun tsaya inda Musa ya yi shiri zai fita a dare na uku. Walida ta ce ita fa ta gane dabarar akun, amma kada in gaya wa Musa.

Hajiya Uwargida:
Masha Allah. Ki gaishe mini da ita. In kun kai wuraren da na ce, ki tsaya ki tambaye ta ra'ayinta, ina son jin abin da za ta ce.

Anti Mai Aji Uku:
Ɗalibar Hausa, na turo miki hotunan kwali 6. Na akuyar da ta shiga aji shi yara suka fi so, da shi za mu fara. Akwai wanda ya san mai zane a Zariya ko Kano da ba zai tsauwala kuɗi ba?